Ba yoyo ba ne: abin da ke sa kwanon ɗakin kaji ɗiga da asuba



Tun da sanyi ya fara kankama nake ta samun saƙo iri ɗaya daga mutane daban-daban: "Malam, kwanon ɗakin kajina yana ɗiga da asuba, alhali ko hadari babu." Wani har hoto ya turo min, dusar katakon da ya shimfiɗa ta jiƙe layi-layi kamar an bi ta da buta. Sai na ga gara in zauna in yi bayani guda ɗaya kowa ya samu, domin ni ma abin nan ya taɓa ci min kaji, kuma lokacin da kwalin digirina na harkar noma a hannu.

Da na gama bautar ƙasa na dawo gida Zariya, Baba ya bar min garejinsa tunda ya sayar da motar. Tsawonsa mita 6, faɗi mita 4, rufin kwano ba silin, taga ɗaya. Na zuba buroila 200 a farkon Disamba. Saboda tsoron kada sanyi ya kashe min 'yan tsaki, na sayo leda mai kauri na like tagar, na toshe ƙarƙashin ƙofa, har ɗan sararin nan da ke tsakanin bango da kwano sai da na cuccusa masa buhuna. Na tsaya na kalli aikina, na ce to, yanzu ko iska ba ta da hanya. Ashe nan na yanka wa kaina.

Sati biyun farko lafiya lau. A na uku na fara ganin ɗigo. Na kira kafinta, ya hau ya canza ƙusoshi, ya shafa kwalta, na biya shi. Washegari ɗigon yana nan. Ya dawo ya ce sai an canza falle biyu, aka canza, na sake biya. Ɗigon bai fasa ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Kafin in farga kajin sun fara minshari da atishawa, ga jini a kashinsu. Sai da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a gonar kaji, ya leƙo. Bai ma shiga ba, daga bakin ƙofa idonsa ya kawo ruwa saboda wari. Ya ce, "Yaro, kiwo kake yi ko turara su kake? Hau ka ciro buhunan can na sama." Na ce, "Baba, sanyi fa." Ya ce, "Ciro dai." Cikin kwana biyu ɗigon ya tsaya. Amma kafin nan kaji sama da talatin sun tafi, sauran kuma ba su yi nauyin da na sa rai ba.

To daga ina ruwan yake fitowa?

Ka tuna idan ka ciro fiya wata mai sanyi daga firij ka ajiye, yadda jikin ledar ke yin gumi. Ledar ba ta huje ba. Danshin da ke cikin iska ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa. Haka murfin tukunya yake yi idan ana dafa abinci. Ɗakin kajinka tukunya ce, kwanon kuma murfinta.

Iska tana ɗaukar ruwa a cikinta, ruwan da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya ɗauka ya dogara ne da ɗuminta. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, idan zafinta digiri 30 ne a ma'aunin Selshiyos, tana iya riƙe ruwa kusan giram 30. A digiri 20, kusan giram 17. A digiri 10, giram 9 da ɗoriya kawai. Ka ga ke nan duk lokacin da iska mai ɗumi da danshi ta huce, dole ta sauke abin da ya fi ƙarfinta. Iskar ɗakin da ke digiri 30 da danshi kashi 60 cikin 100, da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 21, sai ta fara zubar da ruwa a jikinsa. Ɗumi kuwa sama yake tashi, kuma abin da ke jiransa a sama shi ne kwano. A daren hunturu a Kano ko Zariya sanyi yakan sauka zuwa digiri goma sha wani abu, a Jos ma ƙasa da haka. Kwano ba shi da kauri, ba ya riƙe zafi, kuma a daren da sama ta washe yakan fi iskar waje ma sanyi, saboda yana sakin zafinsa kai tsaye zuwa sararin samaniya. Shi ya sa ɗigon ya fi tsanani gab da asuba, lokacin da kwanon ya kai ƙarshen sanyinsa, kuma da rana ta ɗaga sai ya ɓace kamar ba a yi ba.

Shi kuma danshin, kajinka ne ke samar da shi. Nan ne mutane da yawa ba sa yarda sai an yi musu lissafi. Kaza tana shan ruwan da ya kusa ninka nauyin abincin da take ci sau biyu. Buroila 200 a sati na biyar sukan sha lita 50 zuwa 60 a rana, sama da jarka biyu ta lita 25. Kaɗan ne daga ciki ke zama nama. Mafi yawansa yana dawowa cikin ɗakin ta numfashi da kashi, domin ɗanyen kashin kaza kusan kashi uku cikin huɗunsa ruwa ne. Yanzu dubi garejin nan nawa: mita 6 sau 4, tsayi zuwa sama kamar mita 3. Duk iskar da ke cikinsa, a digiri 25, ko ta ƙoshi iya ƙoshi ba za ta riƙe lita 2 na ruwa ba. Kaji suna zubo lita arba'in ko fiye a rana, iskar ɗaki tana ɗaukar ƙasa da lita biyu, ni kuma na toshe duk hanyar da za ta fita wata ta shigo. Ina kake so sauran ya tafi? Sai shimfiɗa, sai bango, sai kwano.

Akwai kuma abin ɗumama ɗaki. Gas idan ya ƙone ruwa yake fitarwa, kilo ɗaya na gas yana ba da sama da lita ɗaya da rabi na tururi. Kananzir ma kusan lita ɗaya na ruwa ga kowace lita. Gawayi ba ya kawo danshi sosai, amma nasa ya fi muni: yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda a rufaffen ɗaki take kashe kaji, ta kashe har yaron da aka bari ya kwana yana kula da su. Don Allah wannan kada a ɗauke shi wasa. Kurfoti a rufaffen ɗaki haɗari ne, ko da kwano na ɗiga ko ba ya ɗiga.

Kafin ka kira kafinta kamar yadda na yi, ka bambance yoyo da gumi. Yoyo yana zuwa ne da ruwan sama, kuma wuri ɗaya yake ɗiga kullum, yawanci ta ramin ƙusa ko mahaɗar falle biyu. Gumi kuwa ko'ina yake. Ka shiga da tocila bayan sallar asuba ka haska sama, za ka ga ƙananan ɗigo sun jeru a duk cikin kwanon, sun fi taruwa a jikin katakon da aka buga kwanon a kai, daga nan suke sauka, shi ya sa jiƙewar ƙasa take yin layi. Idan kuma kana zargin daɓen ne ke tsattsafo da ruwa, ka share wani wuri, ka shimfiɗa 'yar leda ka like gefunanta da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga ƙarƙashinta ya jiƙe, to akwai danshin da ke tasowa daga ƙasa, shi ma yana ƙara wa matsalar.

Wani zai ce, ai ɗan ɗigo ne, me zai yi? Ɗigon kansa ba shi ne babban abin tsoro ba, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce. Ƙwayar cutar zawon jini, wadda likitoci ke kira koksidiyosis, tana fita a kashin kaza ba tare da ƙarfin kama wata ba, sai ta samu danshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu sannan take nuna. Jiƙaƙƙiyar dusa gonarta ce. Ita ce kuma ke tayar da warin nan mai yaji a ido, wato amoniya, wanda ke lalata hanyar numfashin kaza ya buɗe wa mura ƙofa. Daga nan ka shiga sayen magani, ka ba su, su yi sauƙi, bayan sati su koma, domin abin da ke kawo ciwon yana nan a ƙarƙashin ƙafarsu. Ga ƙurajen tafin ƙafa da na ƙirji, waɗanda ke sa mai saye ya rage maka kuɗi. In ɗigon yana sauka a mazubin abinci ko a kan buhuna, sai funfuna ta kama, kuma wasu nau'o'in funfuna suna fitar da gubar da ke lalata hanta, ta rage girma da ƙwai. Ɗan tsako kuma da ya jiƙe da asuba a hunturu, sanyin da kake gudu ne ka kawo masa da hannunka.

Yanzu gyara. Zan fara da wanda ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ya fi komai aiki: ka buɗe sama.

Abin da ke cutar da 'yan tsaki shi ne iska mai kaɗawa a jikinsu kai tsaye, a ƙasa inda suke. Iskar da ke wucewa can sama da kansu ba ta dame su ba. Saboda haka labulen ɗakin kaji daga ƙasa ake ɗaure shi, a riƙa sauke shi daga sama. Yawancinmu akasin haka muke yi, mu kafe shi a sama mu riƙa naɗe ƙasan, iska ta riƙa dukan kaji, tururi kuma ya maƙale a rufi. Ka bar sarari a sama, ko da faɗin tafin hannu ne, a ɓangarori biyu masu kallon juna, dare da rana, har a satin farko. Ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, wato arewa maso gabas, ka bar nasa ƙarami, ɗaya ɓangaren ya fi girma. Kullum kaji na ƙara girma, kai ma kana ƙara buɗewa. Kuma in da hali ka yi labulen da buhu maimakon leda, domin buhu yana numfashi. Amma kada ka kwaso tsofaffin buhuna daga gonar wani, kana iya kwaso cuta tare da su.

Ga wani abin da mu 'yan Arewa ya kamata mu gode wa Allah a kai: iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, ka duba leɓenka da dugaduganka. Idan ta shigo ɗaki ta ɗumama, sai ta zama kamar soso, ta kwashe danshi mai yawa ta fita da shi. Ke nan ba ka buƙatar buɗe ɗaki gaba ɗaya, ɗan kaɗan ya isa. Eh, za ka ƙara kashe gawayi ko gas, ban musa ba. Ni dai na gwada duka biyun, kuɗin gawayi bai kai rabin kuɗin magani da gawar kaji ba.

In kana son ganin ko iska na tafiya, ka kunna turaren tsinke ka tsaya tsakiyar ɗaki na minti ɗaya. Hayaƙin ya tashi ya nufi wata kafa ya fita, madalla. In ya taru a sama ya yi lilo, ɗakin a toshe yake. Sannan ka riƙa tsugunawa daidai tsayin kaji kana shaƙar iskar, domin abin da kake ji a tsaye ba shi suke shaƙa ba. In idonka ya yi yaji, ka riga ka makara, buɗe nan take.

Ga masu rainon 'yan tsaki, dabarar da ta fi min ita ce ɗaki a cikin ɗaki. Maimakon in ɗumama gareji gaba ɗaya, sai in kewaye wani ɓangare, in yi masa rumfa da tamfol ko buhu a tsayin da bai wuce kaina ba, in bar 'yan kafofi a samanta. Ɗumin digiri 32 zuwa 35 da suke buƙata a satin farko yana tsayawa kusa da su, babban ɗakin kuma yana shan iska, kwano ba ya samun tururin da zai yi gumi da shi. Kowane sati sai in rage zafin da kamar digiri 3, in faɗaɗa musu wuri. Ka dai nisanta wuta da tamfol.

Na biyu, ka rage ruwan da ke zuba. Mazubin ruwa ya riƙa tashi tare da kaji, bakinsa daidai gadon bayansu, ba a ƙasa ba inda za su riƙa shiga suna ɓari. Wanda ke yoyo a canza shi yau. Shimfiɗa ta kai kaurin santimita 5 zuwa 10, dusar katako mai manyan ɓarɓashi ko ɓuntun shinkafa, a riƙa juya ta, wurin da ya dunƙule a kwashe a zuba sabuwa. Gwajinta mai sauƙi ne: damƙi cikin hannu ka matse. In ta ɗan haɗu sannan ta warware da ka saki, daidai take. In ta cure kamar fura, ta jiƙe. Kuma kada a cusa kaji fiye da ƙarfin ɗaki. Buroila manya takwas zuwa goma a kowace murabba'in mita, a ɗakin da ba fanka, ya isa haka. In za ka iya sayen 'yar na'urar nan mai nuna zafi da danshi, ka saya ka rataye ta kusa da kaji. Danshi tsakanin kashi 50 da 70 cikin 100 ake nema.

Na uku shi ne mai cin kuɗi: ka shiga tsakanin kwano da iskar ɗaki. Silin na falanki ko na roba yana yi, soson rufi mai fuskar alminiyom yana yi, kuma ribarsa biyu ce, domin shi ne zai tare maka zafin Maris da Afrilu, wanda ya fi sanyi kashe kaji. Amma a nan akwai tarko. Idan silin ɗin yana da kafofi, tururi zai bi ta nan ya hau, ya yi gumi a kwano, ya ɗiga a bayan silin inda ba ka gani, sai wata rana ka ga ya yi ciki ya faɗo. Saboda haka silin a like shi sosai ta ɓangaren kaji, sararin da ke samansa kuma a bar masa kafofin iska ta gefe, a sa musu ragar waya saboda ɓera da tsuntsaye. Ita kuwa ledar da wasu ke ɗaurawa a ƙarƙashin kwano ba tare da komai ba, ruwan kawai take tarawa ta yi tumbi, ranar da ta ɓalle sai ta yi wa kaji wanka. In dole sai ita, to a karkata ta yadda ruwan zai gangara waje. Farin soson nan mai ɓarɓashi da ake samu a kwalin firij shi ma yana tare sanyi, amma a ɓoye shi, kaji suna tsattsaga shi suna haɗiya.

Mutanen karkara suna da tasu dabarar tun kafin mu je makaranta: su shimfiɗa ciyawa ko zana a saman kwano. Da dare tana hana kwanon yin sanyi sosai, da rana tana tare zafi. Tana aiki, na gani da idona. Aibinta shi ne ɓera, da gobara, da kuma riƙe ruwa a damina wanda ke sa kwano saurin tsatsa. In za ka yi, ka ɗaure ta da kyau, ka sauke kafin ruwa ya sauka.

Wanda bai yi gini ba tukuna, shi ne ya fi kowa sa'a. Ka ce wa magini ya shimfiɗa leda mai kauri kafin ya zuba daɓe. Rufi ya yi gangara sosai, domin a kwano mai gangara gumin yana bin jikinsa ya sauka ta baki, a shimfiɗaɗɗen rufi irin na gareji kuwa kai tsaye yake ɗiga. A ƙololuwar rufin a bar buɗaɗɗen baki, a ɗora masa 'yar hula ta kwano, nan ne mafitar tururi da zafi. Bakin rufi ya zarce bango da kamar mita ɗaya saboda feshin ruwa, bango ya zama gajere, sauran duk ragar waya.

A damina labarin ya ɗan bambanta, musamman a Agusta, domin iskar wajen ma a jiƙe take, ba ta ɗaukar danshi kamar ta hunturu. Ba sanyin da zai sa ka rufe ɗaki, to ka bar gefuna a buɗe sai ɓangaren da ruwa ke fesowa, ka ƙara yawan canza shimfiɗa, ka rage yawan kaji in ka ga ba ta bushewa.

Masu kifi, ban manta da ku ba. Duk wanda ya ajiye tankunan tarwaɗa ko yake ƙyanƙyasa a cikin gareji, ruwan nan mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 tururi yake fitarwa dare da rana. Gumin da ya wanke cikin kwano ya ɗigo a tanki yana zuwa da tsatsa da sinadarin zink da aka shafe kwanon da shi, kuma zink guba ne ga kifi, ballantana ƙananan da ba su wuce kwanaki ba. Ka rufe saman tankin da tamfol da dare, hakan yana rage tururi yana kuma riƙe ɗumin ruwa, amma ka bar tazara tsakanin ruwa da tamfol, ka bar gefe a buɗe, domin tarwaɗa tana tasowa ta shaƙi iska. Soket da wayar famfo ka ɗauke su daga inda ɗigo ke sauka. Abincin kifi da na kaji kuwa kada su kwana ɗaki ɗaya da tanki. A kai su sito, a ɗora kan katako, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba kafin rana ta fito, ka ɗauki tocila ka shiga ɗakin. Haska kwanon, damƙi shimfiɗar, tsuguna ka shaƙi iskar. In ka ga gumi, ka fara da ciro duk abin da ka cusa tsakanin bango da rufi, ka ba shi kwana biyu kafin ka kashe kuɗi a kan silin ko kafinta.